Ƙugiyar Ɗahiru

Ƙarfe sha ɗaya da kwata, daren Laraba.
Ofis ya watse, saura ni da Yila da gurnanin janareta.
Shayin da na haɗa tun magariba ya yi sanyi.
A allo, sabuwar sigar manhaja tana jira a bakin ƙofa.

Mahaifina mai buɗe wa gonaki ruwa ne a Dadin Kowa.
Bai taɓa sakin ƙofa gaba ɗaya ba.
Yakan murɗa kaɗan, ya tsuguna,
ya ga yadda fangalin farko ya sha
kafin ya amince da shinkafar sauran mutane.
Abin da na gada ke nan,
sai dai nawa ruwan ba ya jiƙa ƙafa.

Mutum tamanin da ɗoriya ke zuba aiki a bututun nan,
wasu a Legas, wasu a Kano,
ɗaya ma ban san garin da yake kwana ba.
Kowa ya rubuta layinsa ya tafi gida.
Na'ura ta ɗinke, na'ura ta gwada,
gwaji dubu huɗu da ɗari shida, duk kore shar.
Masu tsaro sun sa hannu.
Mai binciken kuɗi ta sa hannu tun azahar,
bayan tambaya tara da na amsa sau bibbiyu.
Oga ya ce, "A sake ta," ya kashe waya.

Na sake ta ga biyar cikin ɗari:
Tumfure, Pantami, da na'urorin cire kuɗi na tashar Kumo.

Minti bakwai lafiya lau.
Yila har ya fara lalubar makullin babur.
Sai ja ɗaya.
Sai uku.
Sai goma sha tara.

Muka bi sawu, muka jero waɗanda kuɗinsu ya maƙale:
Ɗahiru. Ƙasimu. Ɗayyaba. Sadiƙu.
Yila ya karanta, ya sake karantawa,
ya cire tabarau ya ce, "Ai duk masu ƙugiya ne."

Gwaji dubu huɗu,
babu ko ɗaya da ya taɓa jin sunan Ɗahiru.
An gwada da Bala, an gwada da Tunde da Emeka,
harafin da ke lanƙwasa wuya
ba wanda ya aika masa goron gayyata.

Na hango wani Ɗahiru da ban sani ba
tsaye a kantin magani daura da asibiti,
takardar likita a hannu,
na'ura tana gaya masa babu mai wannan suna.

Ban kira taro ba. Na danna komawa baya.
Minti biyu da daƙiƙa arba'in
tsohuwar siga ta koma mazauninta,
jajayen suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya
kamar garwashin da aka yayyafa wa ruwa.

Gobe za a tambaya wa ya rubuta layin.
Na san ta. Watanta uku da fara aiki,
har yanzu tana neman izini kafin ta tafi cin abinci.
Sunanta ba zai shiga rahotona ba.
Baba yakan ce, in ruwa ya ci gona
kada ka tsaya zagin ruwa,
je ka nemo inda kunya ta zube.
Kunyar tamu ce, mu tamanin da ɗoriya,
har da ni da na murɗa ƙofar.

Kafin mu tashi na ƙara gwaji ɗaya,
na dubu huɗu da ɗari shida da ɗaya,
na raɗa masa suna Ɗahiru.
Daga yau duk sigar da za ta fita,
ko daga Legas ta taso,
sai ta durƙusa ta gaishe shi tukuna.

Yila ya shanye shayina mai sanyi bai tambaya ba.
"Yaushe za mu sake?"
Na ce Litinin.
Ya ce Oga zai ce gobe.
Na kashe fitila na ce, to, sai ya zo ya murɗa da kansa.